Tsohon fetur ne ya kwantar mini da janareta

Wata uku janaretana na ajiye a lungu da ragowar fetur a ciki. Ranar da na buƙace shi, na ja igiya har kafaɗata ta yi tsami. Ya yi tari sau biyu, ya yi shiru. Da bakanike ya zo bai ɓata lokaci ba, ya kwance ɗan kofin da ke ƙasan kafireta, wato inda fetur ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji, ya miƙo mini. Ya ce, "Maigida, shinshina ka ji." Wari kamar na tsohon fenti, ga wani danƙo ja-ja ya kwanta a ƙasa. Ashe fetur in ya haura wata guda a zaune yakan fara lalacewa, danƙonsa ya toshe 'yar kafar da mai ke bi, wadda da kaɗan ta fi tsinin allura.

Tun daga ranar, in zan ajiye shi ba na kashewa da makunni. Nakan zare duk abin da ke jone, in rufe famfon fetur, in bar shi ya shanye na cikin kafireta ya mutu don kansa.

Baƙin mai kuwa, a da sai na ga dama nake dubawa. Takardar injin ta ce canjin farko bayan awa 20, daga nan duk awa 100, da baƙin mai mai lamba 10W-30. Ina juye tsohon ne injin na da ɗumi, don ya fi saurin zuba. Wajen auna man da kunna injin kuma sai a shimfiɗaɗɗen wuri, domin in ya karkace, na'urar da ke lura da ƙarancin mai takan iya kashe shi haka kawai, mutum ya yi ta zargin fulogi.

Soson tace iska ma ya taɓa ba ni kunya. Na wanke shi da sabulu, ya bushe, sai na tsoma shi a baƙin mai ban matse ba. Hayaƙin da ya turnuƙe ranar, kai ka ce ciyawa aka cinna wa wuta. Ɗigo kaɗan ya isa, a matse sosai.

Fulogi nakan goge baƙinsa da burushin waya. Fetur ba na ƙarawa sai injin ya huce. A waje kuma nake kunna shi, nesa da taga, ko da ana ruwa sai dai in yi masa rumfa: iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da launi, ba ta da wari.