Ko Gyaran Murya Ka Yi

Dankalin Turawa ne sana'ata. Ina saro shi daga Mangu da Maikatako ta ƙasar Bokkos, in haɗa da kabeji da karas da koren tattasai na kasuwar Farin Gada da ke Jos, in yi lodi zuwa Abuja. Kafin nan na yi Jami'ar Jos, na yi bautar ƙasa, na zaga da takardu har dunduniyar takalmina ta cinye, sannan na dawo wurin kawuna da ke dillanci a Farin Gada. Na kawo wannan ne don ku san ba rashin karatu ya sa na tafka kuskuren da zan ba ku labari ba. Bokon ne ma ya ja min.

Wata Litinin da hantsi ina tsaye a bakin mota ana loda kabeji, sai waya ta yi ƙara. Imel ne daga wata Hajiya mai kula da sayayya a wani otal da ke Wuse. Abokina ne ya ba ta adireshina. Layi huɗu kacal: suna neman mai kawo musu dankali buhu ashirin duk mako, in turo farashi haɗe da kuɗin mota. Sau uku na karanta. Har yaron mota na nuna wa, don murna.

Sai na ce a raina, irin wannan saƙo ba a amsa shi a tsaye cikin hayaniyar kasuwa. Bari in koma gida in buɗe kwamfuta in tsara Turanci mai aji. Da dare NEPA ba su kawo wuta ba. Ranar Talata na ce ai ban san yadda kasuwa za ta tashi ba, kada in yanka farashi in kwana a ciki, bari 'yan Mangu su dawo. Laraba farashi ya samu, sai kuma na ga bai kamata in tura ba tare da takarda mai tambari ba, na kai wa wani yaro a titin Ahmadu Bello ya zana min. Alhamis akwai ɗaurin aure a Bukuru. Sai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tura, shafi biyu cur, da gaisuwa da godiya da tarihin sana'ata.

Cikin minti goma amsa ta dawo. Sun gode, sun riga sun ba wani tun ranar Laraba.

Ba rasa cinikin ne ya fi ci min rai ba, minti goman nan ne. Matar da ke da aiki ninkin nawa ta samu sukunin amsa min kafin shayina ya huce, ni kuwa na bar ta kwana huɗu tana jiran gawon shanu.

Da na ba Kawu labari yana zaune a kan buhu yana lissafi, ko ɗago kai bai yi ba. Mutumin da bai taɓa buɗe imel ba a rayuwarsa. Ya ce, “Kai ɗan nan, in baƙo ya yi sallama a ƙofar gida kana makewayi, ya kake yi?” Na ce, “Gyaran murya nake yi, Kawu.” Ya ce, “To. Ita ko gyaran muryar ba ka yi mata ba. Ina za ta san da mutum a gidan?”

Nan matsalar take, ƙannena. Mun saba da WhatsApp, inda alamar nan mai shuɗi ke tona wa mutum asiri cewa ya karanta. Imel ba haka yake ba. Wanda ya turo ba ya ganin komai. Bai sani ba ko ya shiga, ko adireshin ne ba daidai ba, ko kana asibiti, ko raina shi ka yi. Kuma mai aikin ofis yana da oga a kansa da zai tambaye shi ina aka kwana. Yawanci mutum uku ko fiye ya tura wa, don a kwatanta farashi. Wanda ya fara motsi, da shi ake fara magana. Shirun da kai kake ɗauka shiri ne, a wurinsa amsa ce, kuma ba mai daɗi ba.

Abin da ya kamata in rubuta a bakin motar nan bai wuce haka ba: “Hajiya, barka da aiki. Saƙonki ya iso, na gode. Farashi yana motsi a makon nan, zan turo miki cikakken lissafi ranar Laraba kafin azahar in sha Allah.” Shi ke nan. Babu tambari, babu dogon Turanci. Amma fa in ka ce Laraba, to Laraba ce. In ta zo ba ka gama ba, sake rubutawa ka faɗa, kada ka laɓe a bayan “in sha Allah”. Yadda wasunmu ke amfani da kalmar nan a matsayin ƙofar gudu abin kunya ne.

Yanzu ƙa'idata, saƙon da ya shigo a ranar aiki ba ya kwana biyu. In son samu ne, kafin a tashi daga ofis, wajen ƙarfe 4 ko 5. Ku tuna abin da ka tura da yammacin Juma'a, sau da yawa sai Litinin za a buɗe shi, ya nutse a ƙarƙashin wasu. Kuma “ba zan iya ba” ita ma amsa ce. Mu Hausawa muna jin nauyin cewa a'a, sai mu yi gum mu ce kunya ce. Wanda ka ce wa a'a da wuri zai nemi wani, gobe kuma ya dawo maka. Wanda ka shanya ba ya dawowa.

Da na ji jiki sai na zarce gona da iri. Wani mai gidan abinci a Garki ya rubuto cewa buhu uku sun iso a ruɓe, zai zaftare kuɗi. Ina kan hanyar Akwanga, rai a ɓace, na zazzaga masa abin da ke bakina, na kuma danna maɓallin da ke amsa wa kowa da kowa, ashe akwai akawunsa da manajansa a ciki. Gmail yana ba ka damar janye saƙo, amma iyakarta daƙiƙa 30, ita ma sai ka saita ta haka. Ni sai a Keffi hankalina ya dawo. Daga baya direba ya amsa cewa ruwa ya doke su a hanya bai rufe tamfol ba. Saƙon da ya tafasa maka zuciya, shi ma gyaran murya yake so: “Na gani, zan bincika in dawo gare ka gobe.” Sauran maganar sai ka kwana ka tashi.

Sai wani abu da nake gani wurin yaran da ke zuwa neman aiki a wurina. Imel ɗinsu mai kafe ne ya buɗe musu lokacin rajistar JAMB, ko kalmar sirrin ba su riƙe ba, amma shi suke rubutawa a takardar neman aiki. Wasu kuma hotunan biki sun cinye musu gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta, alhali in ya cika sabon saƙo ba ya shiga. Ku leƙa akwatin Spam, inda imel ke jefa saƙonnin da yake zargin na banza ne, ko sau ɗaya a mako, don abin da ya faɗa can yana gogewa da kansa bayan kwana 30. Ku kunna ƙararrawar imel a waya kamar yadda kuka kunna ta TikTok.

Hajiyar nan ta Wuse, mun haɗu bayan shekara biyu, na kai kaya wani otal da ta koma. Da na faɗi sunana sai ta yi dariya ta ce, “Au, kai ne Malam mai shafi biyu?” Ta ce abokina ya yabe ni sosai, shi ya sa ta riƙe takardar har azahar ɗin Laraba tana duba waya. Wanda ta ba ma ya fi ni tsada. Shi ya amsa mata ne tun ranar Litinin, daga kan babur, da kalma biyar, biyu a ciki ma ba a rubuta su daidai ba.