Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Aka Ce Mu Ajiye Aiki

A makon jiya na tsaya inda wata ƙungiyar agaji ta ɗauke ni aiki a Maiduguri, ta tura ni Monguno duba yara masu tamowa. Kayan aikina ɗan tef ne mai launi uku da nake zagaya wa damtsen yaro. In ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, sai a rubuta sunansa, uwar ta riƙa karɓar ƙullin madarar gyaɗa duk mako. Na ga yaron da aka kawo ko kuka ba ya iya yi, bayan wata biyu yana fizge mini tef yana dariya. Shekara huɗu ina wannan aiki, ban taɓa tambayar daga ina kuɗin yake fitowa ba.

Na sani ranar da ya tsaya. A 20 ga Janairun 2025 sabon shugaban Amurka ya sa hannu a dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90. Mako bai cika ba shugabarmu ta tara mu, idonta jawur, ta ce an ce a ajiye aiki. Kwalayen madara na jibge a ɗakin ajiya, mata sun yi layi a waje cikin sanyin hunturu, goye da yara.

Wata dattijuwa ta kama gefen mayafina. "'Yata, yau ba za a auna ba?"

"Ki yi haƙuri, Iya, sai mun ji daga sama."

Sama ɗin nan Washington ce, garin da ko a mafarki ba ta taɓa gani ba. Wata guda bayan haka Birtaniya ma ta ce za ta rage nata. Mahaifiyata kan ce zanen aro ba ya rufe katara. Daren nan na kwana ina juya maganar. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. Da an cika, da Iya ba ta jira izinin baƙo kafin a auna jikanta ba.

A Maris aka miƙa mini takardar sallama. Na dawo da tef ɗin a jakata. Mako mai zuwa zan ba ku labarin yadda na fara auna yaran unguwarmu a zauren gidanmu.