Godiya daga gidan Baba mai garka

Assalamu alaikum. A madadin Inna, da ƙannena, da jikoki, ina miƙa godiyarmu ga duk wanda ya tsaya mana tun ranar da Allah Ya karɓi ran mahaifinmu har zuwa sadakar bakwai. Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.

Maƙwabtanmu na unguwar Birni a nan Damagaram, ku ne farko. Kafin mu dawo hayyacinmu kun shimfiɗa tabarmi, kun yi wanka da sutura, samari sun tafi haƙar kabari ba wanda ya aike su. Iyayenmu mata kuwa ba su bar tukunya ta sauka daga murhu ba. Liman da mai unguwa, mun gode. Ma'aikatan jinya da suka yi ta fama da shi dare da rana, Allah Ya biya ku. Haka ƴan uwa da suka taso daga Maradi, Agadas, Daura da Kano, da waɗanda hanya ta hana suka bugo waya.

Akwai wasu baƙin da ba mu san su ba, kuma su suka fi sa mu kuka: dattawa daga ƙauyukan Magarya da Matamai. Sun ce sun san Baba tun yana malamin gona, bayan ya fito makarantar aikin noma ta Kollo. Lokacin farin 1984, da gwamnatin Seyni Kountché ta ɗora ƙasa kan noman rani, shi ake turawa da iri da kayan aiki, yana bin fadamu ana gina rijiyoyi. Wani tsoho daga cikinsu ya ce ko mudu ɗaya na rabon jama'a bai taɓa bin Baba gida ba. Mu shaida ne, don mun sha koko ba sukari a shekarun nan. A lokacin haushi muke ji, yanzu kuwa da shi muke ɗaga kai.

Garkarsa ta wajen Mirya ya fara ta tun yana aiki, ya koma mata gaba ɗaya bayan ritaya. Wanda ya san Damagaram ya san kan dutse take zaune, ruwan sha ma sai an jawo shi daga Gogo da Arunguza, balle a ce mutum zai raya mangwaro da gwaba da lemun tsami. Da guga ya fara, injin ban-ruwa sai daga baya. Kowane dashe sai ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ya rufe gindin da ciyawa kada rana ta shanye laimar. Gwanintarsa dai auren mangwaro. Kullum da ƴar wuƙa a aljihun rigarsa. Ya shuka ƙwallon na gida mai zare, saboda saiwarsa ta fi jure ƙishi, in ya yi kaurin yatsa ya tsaga shi, ya soka reshen iri mai kyau, ya ɗaure tam da tsinken leda. Shekara uku zuwa huɗu sai ka ga ƴaƴa, alhali na ƙwallo sai an ƙara jira. Bai ɓoye wa kowa wannan hannu ba, har masu garka kusa da shi da suke kai kaya kasuwa ɗaya. Duk 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa, yaran makaranta ke kwashe rabin dashen da ya yi rainonsa, kyauta. Inna ta yi ƙorafi har ta gaji.

Masu sayar da kayan marmari na kasuwar Dole, mun ga zuwanku a tare, mun ga abin da kuka haɗo. Mun gode ƙwarai.

Masu tambaya ko za a sayar da garka: ba za a sayar ba. Ƙanena ya karɓi aikin tare da yaran da Baba ya koya wa, kuma waɗanda suka ba da kuɗin dashe za su samu kayansu da faɗuwar damina in Allah Ya yarda. Wanda ke bin Baba bashi, ko na dala ɗaya ne, don Allah ya same ni gida bayan sallar la'asar mu sauke masa. Wanda ya saɓa wa kuma, muna roƙon ya yafe masa. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya.