Lahadi, bayan an tashi kasuwar Gujungu

Yau kam Gujungu ta ci sosai, tun asuba nake jigila, buhunan riɗi da zoɓo da masu su, har akwai wanda ya sa na ɗaure masa tunkiya a bayan babur. Wallahi na ji daɗin ciniki, sai da na tsaya shan mai na ga kusan rabi ya tafi a tanki. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 haka acaɓa ta koma.

Amma maganar Kawu ce ta tsaya min a rai.

Gab da magariba na same shi a zaure na ce masa da an gama girbi ina so in bi ƙanin abokina in koyi haɗa sola, shi da yake sa wa masu noman rani famfon sola a fadamar Haɗejiya tunda injin fetur ya fi ƙarfin manomi yanzu. Kawu ya ajiye buta ya dube ni ya ce, "Kai da NCE ɗinka, ga mata ga 'ya'ya, za ka koma ɗaukar wa yaron da aka haifa a gabanka jakar kayan aiki? Me mutanen gari za su ce?" Na ce, "Allah ya huci zuciyarka Kawu, ai takardar tana akwati, aikin koyarwar da nake jira har yau shiru." Bai tanka ba, ya ci gaba da alwala.

Na san ba ƙi na yake ba, mutuncina yake kare min, shi ya sa abin ya fi zafi. To amma ni na tsaya kan yaron nan yana aiki, ya sa farantan solar su kalli kudu, ya lissafa guda nawa famfo zai ja, ya nuna wa mai gona yadda zai riƙa goge ƙurar hunturu kar wuta ta ragu, ruwa ya taso ba ko ɗigon fetur, raina ya biya ƙwarai. Bayana ciwo yake kullum, shekara goma nan gaba a kan babur za a same ni?

Inna ta aiko da fura. Tayar baya ta suɗe, sai ranar kwasar adashi.

Maman yara ta ce in tafi, za ta riƙe gida da ƙuli-ƙulinta kafin in iya. Gobe in Allah ya kai mu zan kira yaron in ji ko yana Auyo wannan satin, Kawu kuma sai dai in roƙi Inna ta fara yi masa magana.