Yadda muka sa sunan layinmu a kasafin kuɗin ƙaramar hukuma

Unguwarmu awon igiya ce. Gona ce aka yayyanka aka sayar, kowa ya gina inda ya samu, ba wanda ya tuna ya bar wa ruwa hanya. A daminar 2022, shekarar da ambaliya ta yi ɓarna a jihohi da dama, katangu suka zube a layinmu, masai suka cika suka tumbatsa, mata suka kwana suna kwarfar ruwa da bokiti. Sati guda bayan haka, da aka idar da sallar isha'i, dattawa suka ɗora mini sakataren ƙungiyar ci gaban unguwa. Ba don na san kan gwamnati ba, sai don ni malamin firamare ne, ana ganin na iya tsara takarda.

Na kuwa tsara. Shafi uku, buƙatu goma sha ɗaya: lambatu, rijiyar burtsatse, taransifoma, ƙarin ajujuwa, katangar maƙabarta, har da filin ƙwallo don kada matasa su ce an manta da su. A watan Janairun 2023 muka kai sakatariya, ni da mataimakin mai unguwa, muna ji da kanmu.

Aka yi ta tura mu daga wannan ofis zuwa wancan, har muka faɗa hannun wani dattijo a sashen tsare-tsare, wanda ritaya ta kusa cim masa. Ya ɗora tabarau a kan hanci ya karance takardar tsaf, sannan ya ce, "Malam, ai kun zo kasuwa bayan ta watse." Kasafin shekarar an riga an gama shi. Ya ce tun wajen ƙarshen damina ake fara aikin: ma'aikatar ƙananan hukumomi ta jiha ta aiko da takardar umarni, shugabannin sassa su kawo ƙiyasinsu, a je a kare shi, majalisar kansiloli ta amince. Wanda ya zo bayan nan, sai dai ya jira baɗi.

Ya ɗauki biro ya soke taransifoma. "Wannan ba namu ba ne." Ya bar lambatu da maƙabarta, domin jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa magudanan ruwa, hanyoyin cikin unguwa, maƙabartu, kasuwanni, tashoshin mota da kwashe shara cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Ni da nake koyar da yara darasin zaman al'umma, ranar na fara jin wannan.

Sai ya shiga maganar kuɗi. Daga asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba 20.60. A lokacin, wannan kason ma ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi yake biyowa, wanda sashe na 162 na kundin ya tanada. A fara cire albashin malaman firamare, na ma'aikata, fansho, kason masarauta, abin da ya rage shi ne na ayyuka. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ka ga kenan albashinka yana gaban lambatunka a layi." Muka yi dariya, amma maganar ta zauna mini.

Abin da ya fi amfanar mu shi ne littafin kasafin shekarar da ta gabata da ya ciro daga durowa. Ya buɗe shafin manyan ayyuka, ya ɗora yatsa a kan wani layi: gina magudanan ruwa a sassa daban-daban na ƙaramar hukuma. Kuɗi masu kauri a gabansa. Ya ce, "Wannan layin ba shi da uba. Wanda ya fi kusa da ciyaman shi zai ɗauke shi, kuma ba wanda zai ce an yi ba daidai ba, tunda ko'ina aka yi aikin, sassa daban-daban ne." A nan na gane dalilin da ya sa unguwanni irin namu suke zama a baya. Ba wai ba a ware kuɗi ba ne. Ana warewa, amma ba da sunan kowa ba, kuma mu ba mu da ɗa a ofis, ba mu da ɗan kwangila, taswirar gari ma ba ta san da mu ba. Shawararsa ɗaya ce: ku zaɓi aiki guda, ku dage a rubuta sunan layinku, da tsawon aikin.

Zaɓen aiki gudan nan ya kusa raba kanmu. Matasa suka ce wuta, masu gidajen tudu suka ce ruwan sha tunda ambaliyar ba ta taɓa su ba. Da muka ga taron maza ya ƙi ƙarewa, sai muka nemi matan unguwa su zauna nasu a Islamiyya. Wata tsohuwa da kowa ke kira Inna ta aiko mini da saƙo: "Ka gaya musu ruwan sha muna saye a wajen 'yan garuwa, amma ba mai sayar mana da busasshen ɗaki." Da wannan aka rufe magana.

Muka auna layin da tef, mita ɗari huɗu da 'yan kai har zuwa babbar kwata. Wani tsohon magini ya yi mana lissafin siminti, rodi, yashi da tsakuwa. Muka haɗa da hotunan ambaliyar, mai unguwa, dagaci da liman suka sa hannu. Jami'in sashen ayyuka da ya zo duba wurin ya gano abin da muka kauda kai a kansa: gidaje uku sun ci hanya, sai an rushe dakalinsu da wani sashe na katanga. Wannan ya ɗauke mu wata guda a ƙofar dagaci. Mutum na uku ya ce, "Ranka ya daɗe, da kuɗina na saya." Sai da ƙungiya ta ɗauki alkawarin mayar masa da katangarsa ya yarda.

A watan Agustan 2023 muka miƙa takarda shafi ɗaya, ta hannun kansila, muka kuma kai kwafi sashen tsare-tsare muka sa aka buga mana hatimi a namu. Da kasafin 2024 ya fito, ga sunan layinmu ɓaro-ɓaro. Aka yi addu'a a masallaci, aka yi ta yi mini barka kamar ni na biya.

Kuskurenmu kenan: muka koma gida muka miƙe ƙafa. Lokacin da aka yi lissafi buhun siminti yana wajen naira dubu biyar. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ya haura dubu goma. Kuɗin da ke takarda bai motsa ba, kuma ba a sake shi ba. Ashe rubuta aiki daban, sakin kuɗinsa daban, kowanne da nasa zirga-zirgar. Daga nan muka raba kwana: duk wata mutum biyu su leƙa sakatariya da kwafin nan mai hatimi, a gaida Yallaɓai, a tuna masa.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma shugabannin da aka zaɓa kaɗai za su riƙe su. A rediyo muka ji, wasu har da tafi. Abin da ya iso gare mu da wuri dai shi ne zaɓe, wanda jihohi da yawa suka yi ta gudanarwa a ƙarshen shekarar. Kansilanmu bai dawo ba. Sabon ya ce bai san da maganar ba, sai na buɗe masa shafin na nuna masa sunan layin. Da a ce sassa daban-daban aka rubuta, da ba ni da abin nunawa.

An yi aikin da rani, amma kuɗin ya ƙare a ƙasa da rabin tsawon. Ragowar muka haƙa da aikin gayya, ramin ƙasa kawai, muka jera buhunan yashi a gefe. Yanzu in an yi ruwa, yana gudu sumul har inda siminti ya tsaya, daidai ƙofar gidan Inna, daga nan ya fara cin gefen ramin. Dattijon nan ya yi ritaya. Da na koma da sabuwar takarda, wani matashi na tarar a kujerarsa, ya karɓa ya ce za a saka mu cikin magudanan ruwa. Na ce, "A'a, ƙanena, da sunan layin za ka rubuta, da mitocin da suka rage." Na ja kujera na zauna har ya nemo hatimi.