Dusashe hoto a shafin intanet da JavaScript zalla

Wanda ke gina wa mai shagon atamfa a Maradi shafi ya san inda za a buɗe shi: a kan Tecno ko Itel, sau da yawa da intanet mai jan ƙafa. To don kawai hoton wata atamfa ya dushe wani ya bayyana a madadinsa, bai kamata a ɗora wa mai saye jQuery ba, wato tarin shiryayyun ayyukan JavaScript, wanda ko an matse shi yana kai kilobayit 30. Layi goma sha ɗaya na JavaScript sun isa.

Abin da ake juyawa shi ne opacity, lamba ce daga 0 zuwa 1. A kan 1 abu ya fito sarai, a kan 0 ba a ganinsa, a kan 0.5 kuma ana hango abin da ke bayansa.

Idan ana rage wannan lambar ko ƙara ta taku-taku, inda aka fi faɗawa rami shi ne wurin karanta ta. style.opacity rubutu yake mayarwa, ba lamba ba. Idan yana riƙe da "0.5" ka ƙara masa 0.1, sai ka samu "0.50.1", burauza ta watsar da shi ba tare da ta ce uffan ba. Abin ban haushi, ragewa tana aiki, domin alamar ragi tana mayar da rubutu lamba. Shi ya sa za ka ga dushewa na tafiya daidai, bayyana kuwa ta ƙi. In kuma a fayil ɗin CSS aka sa opacity, to fanko ma zai dawo maka, sai ka bi ta getComputedStyle don karanto ta, da parseFloat don mayar da ita lamba. Ga wani kuma: tara 0.1 ɗaya bayan ɗaya har sau goma a JavaScript yana ba da 0.9999999999999999, don haka mai jiran lambar ta zama 1 cif kafin ya tsaya zai jira har abada.

Maganin duk wannan ɗaya ne, a daina ƙirga taku, a auna lokaci:

function dusashe(abu, tsawo) {
  let farko;
  function taku(yanzu) {
    if (farko === undefined) farko = yanzu;
    const rabo = Math.min((yanzu - farko) / tsawo, 1);
    abu.style.opacity = 1 - rabo;
    if (rabo < 1) requestAnimationFrame(taku);
    else abu.style.display = "none";
  }
  requestAnimationFrame(taku);
}

A allon da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, requestAnimationFrame yana kiran taku kusan kowace milisakan 16.7. Wasu sababbin wayoyi sau 90 ko 120 suke yi. Da taku ake ƙirgawa, da dushewar ta ƙare cikin rabin lokaci a mai 120, ta yi ta jan jiki a wayar da aiki ya yi wa yawa. Da agogo kuwa, in ka sa tsawo milisakan 300, 300 ɗin ce a ko'ina. Ni a ganina tsakanin 200 da 400 ya fi, abin da ya haura haka sai mutum ya zaci wayarsa ce ta maƙale.

Kar a raina layin display ɗin nan na ƙarshe. Abin da ke kan 0 yana nan daram a gurbinsa, yana kuma karɓar dannawa. Sanarwar da ta dushe aka bar ta a saman maɓallin WhatsApp, mai saye zai yi ta latsawa ba abin da ya motsa. Wurin bayyanawa sai a juya tsarin: a fara mayar da display, opacity na kan 0, sannan a hau da shi.

Opacity kan shafi duk abin da ke cikin akwatin, har da rubutun farashi. In bango kaɗai ake so ya yi shara-shara, launin rgba za a ba shi.

Hoton da za a bayyana kuma a jira load ɗinsa tukuna, wato alamar cewa ya gama saukowa, in ba haka ba motsin zai ƙare kafin hoton ya sauko. A duba complete ma, mai nuna ko hoton ya riga ya sauko, domin hoton da burauza ta riga ta ajiye yakan iso tun kafin a ɗaura masa mai sauraron load.