Abin da bangon gareji ya nuna mini game da fitilar zenon

Na shafe shekaru ina sana'ar wayarin mota, wadda aka fi sani da riwaya, a wani gareji a Kano, kuma a cikin ayyukan da na yi da hannuna babu wanda na daɗe ina juya shi a raina kamar sanya fitilar zenon, wato fitilar mota mai farar wuta mai tsananin haske, a tsofaffin motoci. A lokacin da kwalayen waɗannan fitilu suka cika shagunan kayan gyara na Ƙofar Ruwa, da wuya rana ta faɗi ba a kawo mini Golf ko Corolla ko Peugeot 406 an ce in cire ƙwan da ta zo da shi in sa mata farar wuta ba. Aikin ba ya cin awa guda: ƙwai biyu, balas biyu (ɗan akwatin da ke sarrafa wa ƙwan wutar lantarki) da 'yan wayoyi, a huda murfin bayan fitila, a ɗaure balas a jikin bodi, shi ke nan. Mai mota ya tafi yana murna, ni kuma ina ganin na taimaki bawan Allah da ke tafiyar dare a hanyoyin da babu fitilar titi ko ɗaya.

Wanda ya fara sa ni shakka wani dattijo ne direban haya, mai jigila tsakanin Kano da Katsina da Golf 3. Ya zo da kwalinsa a hannu, mai lamba 8000, domin mai shago ya gaya masa cewa iya girman lamba iya ƙarfin haske, ni ma a lokacin haka na ɗauka. Na sa masa, muka kunna a cikin rumfa, shuɗin haske ya cika ko'ina har yaran gareji suka taru suna kallo. Bayan 'yan makonni, hunturu ya kankama, sai ga shi ya dawo da sassafe ransa a ɓace. Ya ce: "Malam, wutar nan taka ta fi ƙarfin ido, amma ba ta nuna mini hanya." Ya ce duk babbar motar da ya yi kiciɓis da ita sai ta sakar masa fulayit ta ƙi saukewa, saboda direban yana zaton shi ne ya ƙi yin dim, kuma idan hazo ya sauka ba ya ganin komai sai wani farin bango a gaban gilashi. A daren da ya gabata saura ƙiris ya hau kan amalanken shanu a gefen titi, da fasinja cike da mota.

Na fara zargin balas, na canza, ban ga wani bambanci ba. Maigidana da ya koya mini sana'a, wanda a lokacin tsufa ya sa ya rage aiki amma yana leƙo mu, ya saurari bayanin ya ce kada in ƙara taɓa komai sai duhu ya yi. Bayan sallar isha'i ya sa muka tura motar ta fuskanci bangon gareji daga nisan mita goma, ya ce in mayar da tsohon ƙwan halojin, wato ƙwai mai zare da motar ta zo da shi, mai lamba H4 a gefe ɗaya, in bar zenon a ɗaya gefen. Ya ɗauki kwali ya rufe fitilar zenon. Abin da ya fito a bango haske ne mai ɗan rawaya, marar ƙarfi, amma yana da iyaka a sama kamar an ja layi da rula: daga hagu a miƙe yake, daga tsakiya kuma ya ɗan haura zuwa dama, ta yadda zai haska gefen titi da alluna ba tare da ya shiga idon mai tahowa ba. Sai ya mayar da kwalin kan halojin. Layin nan ya ɓace gaba ɗaya, haske ya fantsama har saman katanga da rassan darbejiyar da ke bayanta, ga wani tabo mai tsananin fari a ƙasa daf da bamba. Ya ce in je in tsuguna a jikin bangon in kalli motar. Ban iya buɗe ido ba, kuma bayan na kauce na ɗauki lokaci ina ganin ɗigo-ɗigo a cikin duhu. Abin da ya faɗa kawai shi ne: "Haka kowane mai babur yake ganin aikinka."

A daren ya cire ƙwan H4 ya nuna mini abin da na riƙe sau dubu ban taɓa lura da shi ba. A ƙarƙashin zaren dim akwai wani ɗan ƙaramin ƙarfe mai kama da cokali, aikinsa ya tare haske kada ya faɗa kan rabin madubin fitila na ƙasa, domin duk hasken da ya bugi wannan rabin sama yake tafiya. Madubin da zanen da ke jikin gilashin an ƙera su ne a kan wannan zare mai tsawon 'yan milimita, wanda yake a miƙe kuma a wuri guda. Ƙwan zenon ba shi da zare. Tartsatsin lantarki ne ke tsallakawa tsakanin tsinke biyu a cikin iska da gishirin ƙarfe, yana lanƙwasawa sama saboda zafi, ya fi haske a bakin tsinkayen biyu, kuma gefensa ba shi da kaifi. Wanda na sa wa dattijon ba shi da marfin da zai maye gurbin cokalin nan, ga shi kuma tartsatsi ɗaya ne a gurbin zare biyu, wato na raba shi da fulayit ɗinsa na gaskiya ba tare da na sani ba.

Daga baya na nemi karatu a kan lamarin, kuma abin da na gano ya ƙara mini nauyi a zuciya. Fitilar zenon ta fara fitowa ne a 1991 a BMW 7 Series, kuma ba ƙwai kaɗai aka canza ba, an ƙera mata gidanta ne tun daga tushe. Ƙwan D2S mai wat 35 yana ba da kimanin lumen 3,200 (lumen ma'aunin yawan haske ne), alhali dim na H4 mai wat 55 kimanin 1,000 yake bayarwa. Saboda wannan ninki uku ne dokar Turai ta wajabta cewa fitilar da ta haura lumen 2,000 sai an haɗa ta da na'urar da ke daidaita tsayin haske da kanta idan an yi wa mota lodi, da kuma abin wanke gilashin fitila, tun da ƙura a kan gilashi tana watsa haske. A Ingila, motar zamani da aka cusa wa zenon a gidan halojin ba ta cin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Idan na tuna yadda ake loda Golf ta haya a tasha, buhuna a but har murfi ba ya rufuwa, baya ya zauna, gaba ya ɗaga, sai in ga mun ɗauki fitilar da ta fi kowace buƙatar kulawa mun sa ta a motar da ta fi kowace kallon sama.

Lambar da ke jikin kwali kuwa launi take nunawa, ba ƙarfi ba. Zenon na kamfani yana wajen 4,300, halojin wajen 3,200, kuma da zarar an haura zuwa 8,000 ko 10,000 haske raguwa yake yi yana komawa shuɗi, ga shi shuɗin ya fi sukar ido. Faransa ta wajabta rawayar fitila tun daga shekarun 1930 har zuwa 1993 domin sauƙaƙa wa masu tahowa, kuma ko da an daina, dalilin da ya sa aka yi bai gushe ba. Farin bangon da dattijon yake gani a hazo shi ma yana da bayani: hasken da ya tashi sama yana bugun ƙurar da ke daidai idon direba ya dawo masa. Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne farin tabon nan na daf da bamba. Direba yana ganin ƙasa fes a gabansa sai ya ji ya samu haske, ya ƙara gudu, alhali ƙwayar idonsa ta tsuke saboda wannan farin, ganinsa na nesa ya ragu, kuma a nesa ne rami da saniya da motar da ta lalace ba alama suke jiransa.

Akwai kuma ɓangaren lantarki, wanda shi ne ainihin fagena. Kafin tartsatsin ya kama, balas yana harba sama da bolt 20,000, sannan ya sauka zuwa kimanin 85, shi ya sa na hana yarana taɓa wayar ƙwai matuƙar makunni yana buɗe, na kuma hana su fasa mataccen ƙwai saboda yawancinsu akwai zaiba a ciki. A lokacin tashi balas yana jan wuta fiye da yadda yake ja bayan ya daidaita, kuma a Golf 3 wutar fitila ta cikin makunni take bi, don haka na sha ganin makunni ya narke ko fis yana ta ƙonewa. Ƙwan zenon kuma yana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya kai cikakken haskensa, ga yawan kunnawa da kashewa yana rage masa kwana, alhali direbobinmu da fitila suke magana da juna a hanya.

Abin da ya gyara motar dattijon bai kai rabin kuɗin kwalinsa ba. Na sa mita, injin yana aiki, batir yana nuna bolt 14, amma a bakin ƙwai abin da ke isowa bai kai 12 ba, sauran ya salwanta a tsofaffin wayoyi da makunni da wayar at, wato wadda ake ɗaurewa a jikin bodi, da ta yi tsatsa. Halojin ba ya yafe wannan: raguwar kashi 10 cikin 100 na ƙarfin lantarki tana cinye kusan kashi ɗaya bisa uku na haskensa. Na ja sabuwar waya mai kauri daga batir ta cikin fis da rile biyu (makunni mai aiki da lantarki da ke ɗauke wa makunnin mota nauyin wuta), na kankare wurin at har ƙarfe ya yi ƙyalli, muka samo gidan fitila na Beljiyam mai madubi da sauran sheƙi a madadin nasa da ya dushe, muka sa ƙwan H4 mai kyau. Sannan muka koma bango. A jikin yawancin fitilu an rubuta kashi 1 cikin 100 ko abin da ya yi kusa da haka, ma'ana a nisan mita goma layin haske ya sauka santimita goma ƙasa da tsayin fitilar. Da sukundireba kawai aka yi wannan. Da ya dawo bayan mako guda, ya ce manyan motoci sun koma yi masa dim.

Tun daga lokacin, duk wanda ya ce fitilarsa ba ta haske sai na fara duba abin da ya rage mata haske. A motocin da ke da murfin roba, irin su Corolla, rana ce ke mayar da shi rawaya, kuma ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta auna a 2018 ta samu cewa irin wannan dusasshiyar fitila tana ba da kashi 22 cikin 100 kacal na hasken sabuwa. Wasu motocin kuma daga Ingila aka shigo da su aka juya sitiyari amma aka bar fitilun, don haka layin haskensu hagu yake haurawa, kai tsaye cikin idon mai tahowa, tun da mu a Najeriya mun koma bin gefen dama na titi tun Afrilun 1972. Idan aka ƙara zenon a kan wannan, abin ba ya faɗuwa.

Ban ce zenon ba shi da kyau ba, domin a gidansa fitila ce ta gari. Wanda ya dage yana so, nakan gaya masa a sa masa firojekta, wato gidan fitila mai gilashin tattara haske, da aka ƙera domin zenon, mai marfin da ke yanke haske, da ƙwai mai lamba 4,300, a ja masa rile, a daidaita a bango, kuma ya riƙa goge gilashi yana lura da lodi. Kuɗin ya ninka na kwali sau da yawa, kuma da dama sukan ce za su yi shawara, in hango su sun shiga rumfar da ke gaba. Hakan yana mini ciwo, ba don kuɗin da ya wuce ni ba, sai don na san hanyar da za su bi da dare, ni ma ita nake bi a kan babur zuwa gida.

Yanzu kwalayen zenon sun ragu a kasuwa, ƙwayayen LED sun maye gurbinsu, kuma da yawansu matsalar ɗaya ce idan aka sa su a gidan halojin. Na sa an ja layi da fenti a bangon garejin, an kuma kafa alama a ƙasa a mita goma. Wanda ya zo da kwali nakan roƙe shi ya dawo bayan magariba, in sa masa a gefe ɗaya kawai, in ce: "Alhaji, don Allah je ka tsuguna can daidai tsayin mai adaidaita sahu ka kalli motarka." Yawancinsu ba sa cika daƙiƙa biyar suke kare fuska da hannu su miƙe.